Kuskuren Maman 'Yan Biyu

Malam ya sake zagaye kalmar "is" da jan biro, har takardar ta huje.

A ajin share fagen jarrabawar Turanci da yake koyarwa a saman wani kantin magani, ba shi da ɗaliba kamar Maman 'Yan Biyu. Haka abokan aikinta na asibiti suke kiran ta, haka sunan ya biyo ta aji. Ma'aikaciyar jinya ce. Wani babban asibiti a nesa ya ɗauke ta aiki, da sharaɗin ta ci jarrabawar nan, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe.

Ƙa'idar ba ta da wuya: ɗaya ya ɗauki "is", jam'i ya ɗauki "are". Ko Malam ya ɓoye sunan da ake magana a kansa a tsakiyar doguwar jimla, ya jibga masa kalmomi gaba da baya, sai ta zaƙulo shi kamar mai neman jijiya a hannun jariri. Likitoci, gadaje, kwalaben ruwa, duk ta ba su haƙƙinsu.

Amma da an zo tambayar iyali, wadda ba a tsallake ta a jarrabawar baka, sai ta ce, "My children is at home."

Ya gyara, ta ce to. Washegari ta maimaita.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Ya sa aji ya rera kamar 'yan firamare, har wani direba da ke zama a baya ya ce shi kam ko a mafarki "are" yake gani. Kowa ya yi dariya, ita ta duƙar da kai tana gyara jakarta.

Da aka shiga darasin kwatance, ya bayyana musu cewa abu da irinsa ake gwadawa. Ba a gwada tsayin yaro da ɗan'uwansa, sai da tsayin ɗan'uwansa. Ta gane nan take, ta gyara jimlolin littafi ba tangarɗa. Don ya ja ta a jiki, sai ya ce ta gwada masa tsayin 'yan biyunta. Ta ajiye biro, ta ce an kira ta a wurin aiki. Bai ji wayarta ta yi ƙara ba.

Abin ya tsaya masa a rai. Mai makarantar ya riga ya buga hotonta a tallan shekara, yana tambayar sa kullum ko ta shirya. Malam kuwa ya fara zargin kansa. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ga kalma guda ta gagare shi kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.

Ana gobe jarrabawa ya tsayar da ita bayan kowa ya watse. Fanka tana juyawa a hankali, motoci suna ta hon a ƙasa. Ya yi mata tambayar a matsayin mai jarrabawa, ta ba shi amsar da ta saba.

Ya dafe kai. "Baiwar Allah, ki taimake ni. Kin fi ni sanin ƙa'idar nan. Ko ki ce yaro da 'is', ko ki ce yara da 'are'. Ɗaya za ki zaɓa, ba a haɗa su."

Ta rufe littafinta.

"Na sani, Malam. Wallahi kowace safiya ina gwadawa a gaban madubi. In na zo cewa yaro, sai bakina ya ƙi. In na zo cewa 'are', sai in ji na yi ƙarya."

"Ƙarya kuma? Ba su biyu ba ne?"

Ta rataya jakarta a kafaɗa.

"Biyu na haifa. Tun bara dai ɗaya nake yi wa wanka."