Babur Mai Rarrafe

Kana wurin ranar kasuwar Kibiya, a bakin titin Rano. Ka ga wani babur yana rarrafe zai shiga titi, ka kau da kai.

Wani tsohon bakanike kaɗai ya sha gaban babur ɗin. Ɗan acaɓa ya matse kuloci har ƙarshe, amma babur bai daina rarrafe ba, ga mace da goyo a baya, ga manyan motoci na wucewa. Taya ta tokare ƙwaurin tsohon.

"Baba, kauce, za ka karye!" in ji ɗan acaɓan.

"Ka matse kuloci, to wa ke tura ni?"

"Haka yake tun bara, na saba."

"Ni ma haka na taɓa cewa."

Ya sunkuya, ya juya notin wayar kuloci sau biyu, wayar ta ɗame. Taya ta tsaya cak.

Da ya ja baya, matar ta hango inda wandonsa ya yage, ta yi salati. Ƙafar ta roba ce.

"Babur ɗina ya rarrafa da ni gaban tifa," in ji shi. "Juyi biyun nan na yi wa ƙyuya."

Naka ma yana rarrafe, ka sani. Tashi ka gyara shi yau.