Hoton da Zainaba Ta Ƙi Cirewa

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sau biyu tun safe, kuma Safwan ya duba agogonsa ya fi sau goma. Ranar Laraba ce. Gobe da hantsi masu sayen tattasai daga Damagaram za su zo ganin shafin intanet na koperatif ɗin matan Gagamari, shafin kuwa bai ƙare ba.

Aikin ba shi da wuya. Safwan ne ya gina samfurin shafin da kansa, ya cika shi da rubutun wucin gadi da hotunan da ke cikin salularsa, don kawai a ga inda kowane abu zai zauna. Abin da ya rage wa mata shidan da ke ɗaukar formasiyo, wato horo, a ɗakin shi ne su goge nasa su sa nasu: sunan ƙungiya, lambar waya, bayanin tattasan bakin kogin Komadugu, da hotunan gonakinsu.

Zainaba ta fi kowa saurin kamawa. Bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ta zo Gagamari tun shekarar gudun hijira. Ranar farko ta canja take da launi. Rana ta biyu ita ke nuna wa aminiyarta Hamsatu yadda ake goge sakin layi ba tare da an rushe tsarin shafin ba. Shi ya sa Safwan ya ba ta shafin farko, wanda baƙo zai fara gani.

A nan ta tsaya cik.

A saman shafin akwai babban hoto na kasuwar dabbobi ta Fulatari, wanda Safwan ya ɗauka da ya je sayen rago. Ba shi da haɗi da tattasai ko kaɗan. Dannawa biyu ce a sauya shi. Ya nuna mata ranar Litinin, ya sake nunawa Talata. Ta ce ta gane. Duk sa'ad da ya zagayo sai ya tarar hoton na nan, ta faɗaɗa shi har ya dushe, fuskarta dab da gilashin.

Ta tambaye shi a ina ya samo shi. Ya faɗa mata. Can ta sake tambaya ko tsohon hoto ne. Ya ce watan jiya ne. Da ya juya zai tafi, ta ce ko salula takan yi kuskuren kwanan wata.

Safwan ya ɗauka ya san matsalar. Jibi Juma'a za a ɗaura aurenta da Mainasara, dillalin tattasai a kasuwar Diffa, mutumin da ya yi shekara biyu yana jiran amsarta. Sauran matan tun Litinin suke tsokanarta da maganar lalle da turaren wuta. Wa zai nemi amarya ta tara hankalinta a kan kwamfuta?

Amma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Idan baƙin gobe suka buɗe shafin masu tattasai suka ci karo da tumaki, wata uku na aiki ya tashi a banza, kuma amfanin gonar bana zai sake tafiya a hannun 'yan tsakiya.

Da aka kira azahar matan suka fita alwala. Ya zauna a kujerar Zainaba, ya cire hoton, ya sa na jan tattasai shanye a kan rairayi. Shafin ya yi kyau nan take.

Ta dawo, ta kalli gilashin, ta tsaya a tsaye. Ba ta yi faɗa ba. Muryarta ce kawai ta yi ƙasa.

"Mushe, ina ka kai shi?" in ji ta, da laƙabin da suke kiran malami da shi.

Ya ce mata yana nan cikin salularsa, bai ɓata ba, kuma wannan shi ne darasin tun farko: abin da ke cikin samfuri riƙon wuri yake yi kafin na gaskiya ya zo. Ta roƙe shi ya tura mata na asalin. Ya tura. Ta tambaye shi wace rana kasuwar Fulatari ke ci, da inda ake samun mota. Ya faɗa mata yana tattara wayoyi, rabin hankalinsa na kan kuran.

Ta gyara mayafinta ta fita. Jakarta da littafinta suna kan tebur.

La'asar ta yi ba ta dawo ba. Hamsatu ta kira ta sau huɗu, ba a ɗauka ba. Mainasara ya aiko tambaya ko tana nan, don masu ɗinki na jiranta. Wani direba ya ce ya ga mai kama da ita a tasha, tana shiga motar Maine, hanyar da ake bi zuwa Fulatari.

Hamsatu ta tsare Safwan a bakin ƙofa, ta ce ya gaya mata duk abin da suka yi. Ya ce babu komai, hoto ne kawai. Ya buɗe hoton a salularsa ya miƙa mata: raguna, rumfunan zana, 'yan kasuwa, sai wani mutum can gefe riƙe da igiya, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yana yi wa wani dariya.

Hamsatu ta faɗaɗa gefen da yatsu biyu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta lalubi bango ta zauna a ƙasa.

"Wannan Fannami ne, mijin Zainaba," in ji ta. "Shekara tara ke nan da aka ce ruwa ya ci shi, kuma da hannuna na dafa abincin sadakar arba'in ɗinsa."