Telan da ya sauke duwatsun rufinsa

Tun ɗazu nake jin ka kana ƙunƙuni, wai an gyara wa wane gida, kai ba a ko waiwaye ka ba. Gyara zama, ƙanena, in ba ka labarin wani tela, don ciwon nan da ke cin ka na san inda ya kai wani.

A wata unguwa ta bayan gari akwai tela da maƙwabcinsa mai walda, katanga ɗaya ta raba su, dukansu kuma da wutar lantarki suke neman abinci. Wata shekara da farkon damina aka yi iska mai tafe da ruwan ƙanƙara, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ta karya turakun wuta, ta tsinka wayoyi, ta yaye rufin mai walda ɗungurungum, ruwa ya lalata masa injin da gadon tsohuwarsa. Rufin tela kuwa tsohon kwano ne mai tsatsa, ya danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi, amma ko gezau bai yi ba. Unguwa ta yi makonni cikin duhu, sai da aka yi karo-karo gida-gida aka sayi turaku da waya, kowa yana huci. Jama'a suka tausaya wa mai walda. Liman ya yi magana bayan sallah, aka yi gayya aka rufa masa gida da sabon kwano shuɗi, wani ɗan'uwansa na birni ya sa masa mita, abin da ya sha shi zai biya. Shi kuwa tela masu wuta suka kawo masa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi cif-cif, kamar ba a yi duhu ba.

To, daga nan hassada ta samu wurin zama. Tela ya manta maƙwabcinsa ya yi asarar injin, ya manta 'ya'yansa sun yi ta rawar ɗari a gidajen mutane, shi dai abin da yake gani da hantsi shi ne ƙyallin kwanon nan yana kashe masa ido. In mai walda ya yi masa sallama, da ƙyar yake amsawa. In ya ji ana yaba aikin gayyar, sai abinci ya fita daga ransa. Har ya ce da matarsa, "Wasu dai iska ma arziki take kawo musu." Ta ce ya gode Allah da ya bar su da rufi a kansu, ya ce ta yi masa shiru, ita me ta sani.

Ran nan da la'asar ya hangi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ya tura matar da yara gidan iyayenta da wata 'yar hujja, ya jingina tsani ya hau. Ya sauke duwatsun nan da tayoyin, ya bi kusoshin gefe ya zare. Lissafinsa shi ne iska ta ɗauke masa kwano biyu ko uku, jama'a su taru, shi ma ya wayi gari da sabon rufi da mita. Wautar ke nan, sai ka ce ana ciniki da iska. Da ta zo ba ta tambaye shi nawa yake so ba, ta kwashe rufin duka har katakon. Kwano ɗaya ya tashi sama ya datse sabuwar wayar da aka sha wuyar saye, unguwa ta sake faɗawa duhu. Ruwa ya jiƙa bangon ƙasa ya rufto a kan kayan Sallah da mutane suka kawo ɗinki, shaddodi da atamfofi suka koma taɓo.

Da safe wanda ya fara zuwa da tsani a kafaɗa shi ne mai walda. Shi ya san yadda iska ke yaga kwano, a kansa aka yi. Ya duba ya ga ramukan kusoshi sumul, ya ga duwatsu a jere a gindin katanga kamar an kasa su don sayarwa. Ya kawar da kai, amma ba shi kaɗai ke da ido ba. Da liman ya tayar da zancen gayya, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Wani dattijo ya ce, "Malam, wanda ya sauke duwatsu da hannunsa, sai ya mayar da rufi da hannunsa." Masu kaya suka yi wa tela sallama ɗaya bayan ɗaya, dole ya sayar da keken ɗinkin ya sallame su.

Mai walda ne ya share ɗakin tsakiya na gidansa, ya ce su shigo har Allah ya kawo sauƙi. Haka tela ya ƙare damina a ƙarƙashin shuɗin kwanon da ya hana shi barci, yana jin ruwa na kaɗa shi, yana cin tuwon mutumin da ba ya iya kallo a ido, gidansa kuma na can a buɗe awaki na kwana a ciki.

Kai da rufinka ke kanka, je ka ƙara masa dutse. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira a rasa ido.