Sunan Ɗan Fari

Tun da aka daina amfani da takardar kuɗi, banki ba ya sakin ko sisi sai ka ambaci sunan wanda kake biya wa.

Inna Tabawa na tsaye a asibiti, ɗanta Ɗahiru yana jiran a sayo jini.

"Faɗi sunan majinyacin," in ji wayarta.

"Yaron nan ne," ta ce. Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba.

"An dakatar da asusunki sai an gama bincike."

Sai da maza suka dawo daga maƙabarta aka buɗe asusun.

"Faɗi sunan majinyacin."

"Ɗahiru," ta ce a hankali. "Ɗahiruna."

"Mun gode. An biya."