Gwarzon Ranar Godiya

Yana karyo kwanar ƙarshe ya ji ihu ya ɓarke. Tun bazara yake gudu a kan injin motsa jiki da ke garejinsa, yana yi wa kansa sharhi da muryar 'yan talabijin: "Jama'a, ku dubi ƙafa. Wannan ba mutum ba ne, jirgin ƙasa ne." Har ya rantse wa matarsa cewa a tseren safiyar Ranar Godiya, bikin da kowane gida ke gasa talotalo, sai duk garin ya san da zamansa.

Ga shi kuwa ta tabbata. Masu raba ruwa na ta tsalle, mai lasifika na kiran lambarsa, har ɗan sanda na biye da shi a mota sannu a hankali. Ya zuƙe tumbi, ya ɗaga hannu sama, ya tsallake layi.

"Kin ga yadda suke so na?" ya tambayi matar, yana haki.

Ta miƙa masa ruwa. "Dole su so ka, maigida. Sai na ƙarshe ya iso ake buɗe titi, kuma kowa ya baro talotalonsa a kan wuta."