Baƙuwar Randa

"Na zo wajen ɗana," in ji wata mata a bakin ƙofarmu, ruwa na ɗiga daga zanenta, ga gansakuka a kai.

Satinmu biyu ke nan a sabon gidan gwamnati, tun da dam ɗin Kainji ya cinye tsibirinmu. Mati, autana, ya taɓa faɗawa kogi yana jinjiri, ya fito yana dariya. Tun ranar mutane ke cewa 'yan ruwa sun musanya min shi.

Na tura yaron ƙarƙashin gado, na ɗauki taɓarya, ina ta a'uziyya.

"Baiwar Allah, ni na goya shi, ni na yaye shi. Ba inda za shi!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce gindin bango, inda maigidana Shu'aibu ke ɗinkin tarun kamun kifi.

Ya miƙe, ya durƙusa. "Inna, sannu da hanya."

"Dam ya rushe min ɗaki," ta ce. "Ina zan kwana?"

Shekara goma sha huɗu ina gode wa Allah na auri maraya, ashe ɗan 'yar ruwa ne. Yanzu surukata na cikin randata. Duk wanda ya je ɗiban ruwa sai ta gaya mai miyata ba gishiri.