Murfin Motar Shugaba

Mavis Holroyd tana kwance rigingine a cikin motar, ƙafafunta a waje ruwan sama na dukansu, tana shafa wa murfin ƙarƙashin dashbod, wato allon gaban direba, gam shafi na uku. Shekara talatin tana ɗinkin kujerun mota a garin Keighley na Ingila, ba a taɓa dawo mata da aiki ba sai a kan wannan ɗan guntun fata da soso.

Motar ta Cyril Tordoff ce, shugaban ƙungiyar masu haɗa mota da hannunsu, irin waɗanda ke sayo sassa cikin kwalaye su kulle kansu a gareji. Shekara ashirin da shida yana shugabanci. In injin wani ya yi tari, Cyril zai kasa kunne ya faɗi ciwon. Tasa motar kuwa, koriya mai kujera biyu ba rufi, shekara goma sha huɗu ya yi yana haɗa ta.

Abu ɗaya ya rage kafin ta hau titi, wato binciken lafiya. Doka ta ce duk abin da gwiwar mutum za ta iya bugawa a ƙarƙashin dashbod sai an rufe shi, kada a bar ƙarfe mai kaifi ko waya na lilo. Jami'in binciken yana da wata ƙwallo da yake turawa lungu-lungu, in ta taɓa kaifi, shi ke nan an faɗi.

Sau huɗu motar na faɗuwa a binciken nan. Karon farko kan noti ne ya leƙo. Na biyu robar gefe ce ta saɓule. Na uku murfin gaba ɗaya aka tarar yana reto. A na huɗu jami'in ya zura hannu ya zaro cokali mai yatsu daga cikin soson.

"Ɓeraye ne," in ji Cyril. "Garejin nan nawa sun yi gari."

"Ɓeraye da cokali mai yatsu, Shugaba?"

"Na zamani ne."

Abin da ya fi ci wa Mavis rai shi ne haƙurin mutumin. Ko sau ɗaya bai ɗaga mata murya ba. Duk ranar da aka faɗi sai ya saya mata kifi da soyayyen dankali, surukinsa Neville ya mayar da motar kan tirela, shi kuma ya tari bas yana fito. 'Yan ƙungiya kuwa ba su da irin wannan haƙuri. Sun laƙaba mata Mavis Mai Cokali, mutum uku har sun kwashe kujerunsu sun kai wa wani maɗinki a Bradford.

Shi ya sa a karo na biyar ta ƙi kai murfin gareji. Ta rungumo shi daga shagonta, ta jira a filin ajiye motoci na wurin binciken, Neville na sauke motar ta shige ƙarƙashin dashbod ɗin. Noti takwas ta ɗaure, ta bi kowanne da gam.

Cyril na tsaye a kanta da laima, goshinsa na tsattsafo da gumi duk da sanyin da ake yi. Ta ji tausayinsa. Shekara goma sha huɗu ai ba wasa ba ce.

"Mavis, je ki sha shayi mana, ni na tsare ta."

"Na ƙoshi."

"To matsa kaɗan, kamar tabarauna ya faɗa ciki."

"Ga shi nan a hancinka." Ta make hannun da ya miƙo. "Yau ko sauro bai isa ya shiga nan ba."

Ba ta fito ba sai da aka kira lambarsu, aka tura motar ciki. Jami'in, wani dogo mai furfura a gira, ya durƙusa da ƙwallonsa. Ya tura dama, ya tura hagu. Ya kwanta ya haska fitila. Ya sa yatsa ya bi gefen fatar tun daga wannan ƙofa har waccan, ya sake bi.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ce."

"Kamar kumatun jariri. Mista Tordoff, barka. Motarka ta ci."

Cyril ya dafa bango.

A waje mutum talatin ne ke jira cikin ruwan sama, har da ukun da suka gudu Bradford. Mavis ce ta gayyace su, don kowa ya gani da idonsa. Ita ce kuma ta ce wa Neville ya tafi da tirelarsa, yau Shugaba da kansa zai kai abarsa gida, ayari na biye da shi.

Ana turo motar waje suka ɗaga Cyril cak suka dasa shi a kujerar direba. Wani ya kifa masa hular fata, wani ya murɗa makulli, injin ya ɗauka da ruri mai daɗi. Aka buɗe masa hanya ana tafi, ana danna hon.

Cyril ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya daɗe yana kallon titi. Can ya yafito Mavis da yatsa. Ta sunkuyo tana murmushi, ta ɗauka godiya zai yi.

"Kin kashe ni, 'yar nan," ya raɗa mata. "Sau huɗu ina lallaɓawa ina ɓata murfin nan da hannuna. Ni fa tunda nake ban taɓa koyon tuƙi ba."